Zanen da Ba a Sa Wa Hannu Ba

Shafi na 14

Masu bi na har akwatin saƙo da "Anti ina ci gaba", duk na gan ku, har wadda ta ce ta yi fushi da ni. Wayar ce ta faɗa bokitin wanki. Ga naku nan. Wanda yau ya fara shigowa ya gyara zama, ba zai ɓata ba.

*

Ana kashe fitilun ɗakin lakca aka kunna majigi, sai ga ƙaton kunnen wani tsoho ya cika farin bango. Aji ya kwashe da dariya. Dakta Kunne ko murmushi ba ta yi ba, ta tsaya gefe da sandar nuninta tana jira su gama.

Ba sunanta ba ne. 'Yan aji uku na sashen tarihin zane-zane ne suka raɗa mata, don ba ta taɓa gama lakca ba ta kai su ga kunne ba. Ta san da sunan, bai kuma dame ta ba.

Da aka yi tsit ta fara bayani a hankali kamar kullum. Ta ce mai zane yana zuba duk ƙwarewarsa ne a fuska da ido, domin nan mai kallo zai fara dubawa, nan ne kuma zai iya kwaikwayon malaminsa ko ya ɓoye kansa. Amma kunne da farce da gaɓar yatsa, yana yin su ne hankalinsa na wani wuri, yadda mutum ke ɗaure igiyar takalmi. Ko ya canza gari, ya canza suna, ya canza fenti, farcen da zai zana bana shi ne wanda ya zana yana yaro.

"Abu na biyu," in ji ta, ta sauya hoton. "Duk abin da kuka gani a cikin zane ya riga zanen zuwa duniya. In kun ga agogo a hannun mutum, kada wani ya ce muku an yi zanen kafin a ƙera agogo."

Rediyo, ƙawar Auta da bakinta ba ya mutuwa, ta matso ta raɗa mata cewa in sun gama digirin nan sai su haɗa jari su buɗe shagon wankin kunne, tunda dai shi suka fi sani. Ta ce kakarta ma har yau cewa take likitanci take karantawa, ita kuma ta bar ta a haka.

Auta ta yi murmushi kawai. Bironta na hannu, takardar gabanta fes.

Ta saba da irin wannan ba'ar. Tun ranar da ta zaɓi karatun nan dangi suka sa ta gaba. Gwaggo ta tambaye ta ko ana ɗaukar aiki da kallon hoto. Kawu ya ce da ma zanen take koya da sauƙi, ko allon shago ta rubuta wa mutane. Ita kuwa ko mage ta zana sai ta fito kamar buta. Amsar da take ba su ita ce tana son abin, ba ta taɓa gaya wa kowa sauran ba.

Sauran shi ne Yaya Babba.

Babansu mai hoto ne, yana da shago a bakin titi tun kafin a haife ta. Labulayen da ake ratayawa bayan masu ɗaukar hoto, mai matattakala, mai teku, mai lambun furanni da ba a taɓa ganin irinsa ba, duk Yaya Babba ne ya zana su. Bahago ne. Ita tana 'yar mitsitsiya take zama kan gwangwanin fenti tana wanke masa buroshi, yana ba ta labarin ƙarya kan mutanen da ke zaune a gidajen da yake zanawa. In ta yi barci a wurin shi yake saɓa ta a kafaɗa, ta farka da shuɗi a kumatu.

Wata rana fenti ya ƙare, ya ɗauki ƙanensa, Yaya Ƙarami, a babur su sayo. Mota ta fito musu daga kwana. Yaya Babba ya dawo da hannun hagu a naɗe da filasta. Yaya Ƙarami bai dawo ba.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, Baba ya tsaya a ƙofar falo ya faɗi magana ɗaya, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce kada idonsa ya sake ganin Yaya Babba.

Gari na wayewa suka tarar da ɗakinsa a share, gado a gyare. A lokacin Auta tana ƙaramar sakandare. Ta gama ta, ta gama babbar, ta shiga jami'a, ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ba a ambatonsa a gidan. Hawan jinin ido ya kama Baba, ya ci idon sannu a hankali har ya rufe shago, aka nannaɗe labulayen aka jingine a sito. Can take shiga in ba kowa, ta warware ɗaya ta zauna tana kallo. Tun ba ta san sunan abin da take yi ba take karatun hannun yayanta. Da ta ji akwai wurin da ake koyar da haka, ba ta nemi shawarar kowa ba.

*

Da rana motar sashe ta kwashe su zuwa wani gidan baje kolin zane a cikin gari. Tsohon ɗakin ajiyar kaya ne aka shafe da farin fenti, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti a lungu. Dakta ta ce kowa ya zaɓi zane ɗaya, ya tsaya gabansa har ƙafarsa ta yi tsami, ya rubuta abin da ya gani kawai, ban da abin da yake tsammani.

Yawancinsu suka rufu kan manyan zanukan da ke kusa da ƙofa. Rediyo ta zaɓi wanda ke daura da kujera. Auta ta yi ta tafiya ita kaɗai har bangon ƙarshe, inda hasken bai cika kaiwa ba.

Ƙaramin zane ne, bai fi faranti girma ba. Babu fuska a ciki. Hannayen mace ne biyu suna ɓare lemo a kan cinya, ɓawon ya zubo a murɗe bai tsinke ba. Ta duba kusurwar ƙasa inda ake sa hannu, babu komai. 'Yar takardar da ke gefe ta ce mai zanen bai so a ambaci sunansa ba.

Ta matsa don ta fara aikin da aka sa ta. Ta fara da farce, yadda aka koya mata.

Kowane farce shafa ɗaya aka yi masa, daga hagu aka gangaro dama, aka bar ɗan siririn fari a gefe. Inuwar da ke ƙarƙashin gaɓoɓin yatsu ba baƙa ba ce, ba ruwan ƙasa ba, shuɗiya ce, irin shuɗin da ake samu in aka ɗiga ja kaɗan a ciki. Layukan duk sun kwanta ta ɓangaren da na bahago ke kwanciya.

A labulen mai matattakala akwai wata mata tsaye a sama ta dafa ƙarfe. Auta ta kalli hannun matar nan sau babu adadi. Farcenta ke nan. Inuwarta ke nan.

Abu ɗaya ne sabo. Layin yana ɗan rawa, kamar hannun da ya ja shi yana gajiya kafin ya kai ƙarshe.

Sai da ta dafa bango.

Yana raye. Wannan ne ya fara zuwa mata. Yana raye, yana cikin garin nan ko kusa, hannun ya warke har yana riƙe buroshi. Ta ji kamar ta juya ta gaya wa duk wanda ke ɗakin. Hawaye ya rufe mata ido, ta share da bakin mayafi don ta ƙara gani da kyau.

A ganin na biyu ne idonta ya sauka kan tsintsiyar hannun dama na matar. Akwai tabo a wurin, dogo, mai siffar ganye, bakinsa ya fi tsakiyarsa duhu.

Ta san tabon. Ita ta riƙe hannun a ƙarƙashin famfo ranar da mai ya fallatsa. Ita ta yi ta shafa masa magani tana naɗewa har ya warke. Hannun Umma ne, kuma bara aka yi ƙunar.

Ba ta san tsawon tsayuwar da ta yi ba, sai jin muryar Dakta ta yi a bayanta tana tambayar me ya hana ta rubutu.

"Na san mai zanen nan, Dakta."

"Kin san shi, ko kina so ya zama shi?"

Auta ta nuna mata farcen, ta nuna inuwar, ta yi bayanin kwanciyar layin. Dakta ta cire tabarau ta matsa ta duba da kanta, ta daɗe. Sannan ta ce aikin ya yi kyau, amma ta yi hattara, idon da ke kewar mutum yakan gan shi a inda ba ya nan, ita ma ya taɓa faruwa da ita. Ta ce shaida ɗaya ba ta isa ba, ta je ta nemo ta biyu.

"Ina da ta biyu," in ji Auta. "Tana gida."

Kafin su fita ta samu matar da ke da wurin a teburinta. Matar ta saurare ta da kyau, amma ta ce ta yi alkawari, ba za ta faɗi suna ko unguwa ba. Abin da kawai za ta iya cewa shi ne da kansa yake kawo aikinsa, ba ya zama shan ko ruwa, kuma wannan ɗin ya ce ko nawa aka taya kada a sayar. Ta bar ta ta ɗauki hotonsa a waya.

A mota Rediyo ta yi ta zuba, da ta ga ba a amsa mata sai ta riƙe mata hannu har bakin titinsu.

*

Baba yana falo a kujerarsa ta gefen taga, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a cinyarsa. Tun daga takunta ya gane ta.

"Malamar kallo ta dawo. Yau me aka kalla?"

Al'adarsu ce. Kullum ta dawo sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta kwatanta masa zanen da aka nuna musu, daga ina haske ya shigo, wa ke tsaye wa ke zaune, shi kuma ya yi ta gyara wa masu zanen da suka mutu tun tuni, yana cewa da shi ne da ya matsar da fitilar hagu kaɗan. Duk gidan shi kaɗai ne bai taɓa tambayarta me za ta ci da karatun ba.

Ta ce masa kanta ke ciwo, bari ta sha ruwa tukuna. Ya ce to, ya ɗan karkata kai yana bin takunta da kunne.

Umma tana kicin tana yanka albasa, ta naɗe hannun riga. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka daidai kan tabon. Auta ta tura ƙofar ta rufe, abin da ba a saba yi ba, ta ajiye wayar a kan katakon yankan.

Umma ta kalli hoton. Wuƙar ta tsaya. Ba ta tambayi mene ne wannan ba, ba ta tambayi ina aka samo ba. Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a zani, ta warware hannun rigar ta rufe tabon.

Wannan ya ishi Auta.

"Tun yaushe, Umma?"

"Rage muryarki."

"Tun yaushe?"

Umma ta jawo 'yar kujera ta zauna. Ta ce shekarar da Auta ta shiga jami'a ne. Ta je kasuwa sayen labule, ta ga wani shago an zana masa tsuntsaye a bango, ta tsaya ta kasa wucewa. Ita ba ta yi karatun kowa ba, amma ta san tsuntsun ɗanta. Ta yi ta zarya wurin mai shagon har ya gaji ya kwatanta mata inda mai zanen yake.

"Asibitin gashin gwiwa da kike zuwa ran Asabar," in ji Auta.

"Gwiwar tana ciwo, ban yi ƙarya ba. Sai dai ba nan nake kai ta ba."

Auta ta ji dariya na neman ƙwace mata tare da kuka. Sau nawa ta ce za ta raka ta, Umma ta ce ta zauna da Baba. Sau nawa ta tare ta a ƙofa ta karɓi jaka tana yi mata sannu da jiki.

"Kin san ina shiga sito. Kin sha tarar da ni a can."

"Na sani."

"Kin san dalilin da ya sa na zaɓi karatun nan. Kowa na yi min dariya, ke kin sani, kina kallona."

"Na sani, Auta."

"To me na yi muku?"

Umma ta ɗago. Idonta ya yi ja, ba na albasa ba.

"Ba ki yi komai ba. Ke ce idon babanki. Abin da kika gani da rana, da yamma ya gani. Ko ba ki faɗa ba zai ji a muryarki, ba ki taɓa iya ɓoye masa ko fashewar kofi ba. Yayanki ya ce in har maganar za ta koma kunnen babanku, to zai bar garin, wannan karon ko ni ba zan same shi ba. Na riga na rasa ɗaya. Na zaɓi in riƙe wannan ko da rabi ne."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da kabad. Fushin da ta shigo da shi ta neme shi ta rasa, sai wani abu mai nauyi da ya maye wurinsa. Tambayoyin da ta tara shekara da shekaru suka taso gaba ɗaya, ta rasa ta farko, sai ta fara da ƙanana.

Ta tambayi ko ya rame. Umma ta ce ya yi ƙiba kaɗan ma, ya tara gemu, har da furfura biyu-uku a ciki. Ta tambayi hannun. Umma ta ce ya warke amma ba duka ba, in ya daɗe yana aiki sai ya ajiye buroshi ya sa shi a ruwan ɗumi, lokacin sanyi kuma yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. An ce ya koma dama, ya gwada ya kasa. Ɗaki ɗaya yake haya a saman wani shagon kafinta, taga ɗaya, katifa a ƙasa, sauran wurin duk zane ne a jingine sun juya wa mutum baya. Bai yi aure ba. Bai sake hawa babur ba, ko goyo, duk nisan wuri a ƙasa yake tafiya ko ya jira bas.

"Yana cin abinci?"

"In na kai masa. Sauran ranakun shayi da burodi."

Auta ta shiga murza bakin mayafinta. Tambayar da ta fi so ita ta fi jin tsoro.

"Yana tambayata?"

Umma ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo. Ta ce kafin ta ajiye jaka yake farawa. Wane darasi ake yi musu, wace malama ce mai tsanani, ta ci jarabawa, har yanzu tana tsoron ƙadangare. Ranar da ta gaya masa abin da Auta ke karantawa, tashi ya yi ya shiga banɗaki ya buɗe famfo, ya daɗe bai fito ba.

"Ya taɓa zuwa makarantarku," in ji Umma. "Ya tsaya wajen masu sayar da littattafai a ƙofar sashenku. Ya ce kin fito da wata mai surutu, kina dariya, kin rungume wani ƙaton littafi. Kin wuce ta gabansa har mayafinki ya taɓa shi."

Auta ta toshe baki da hannu.

Ta shiga lalube a ƙwaƙwalwarta, duk ranakun da ta fito ta ƙofar nan, duk masu gemun da ta wuce ba ta kalla ba. Ita da ake koya wa kallo. Ta gane shi a farcen da bai kai ƙwayar wake ba, ya tsaya a gabanta da ransa ta wuce.

"Me ya sa bai kira ni ba?"

"Ya ce ya buɗe baki. Sai kika juyo gefe, ya ga kamar Ƙarami. Kin san dariyarku ɗaya."

Kukan da take dannewa ya ƙwace, ta cusa fuska a cinyar Umma don kada ya fita falo. Umma ta dafa kanta tana shafawa, ita ma nata na zuba ba sauti. Tukunyar da ke kan wuta ta tafasa ta fara zubowa, ba wadda ta tashi.

Da ta ɗan lafa Auta ta ɗago ta ce ran Asabar da ita za a je. Ba za ta yi magana ba in ba ya so, ba za ta shiga ba ma, ta tsaya a matattakala ta gan shi kawai. Umma ta girgiza kai ta ce sai ta fara tambayarsa, a bi shi a hankali, mutum ne da har yau in mota ta taka birki a titi sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Kuma Baba fa? Da wane baki za ta dawo ta zauna gabansa?

"Zan koya," in ji Auta. "Ke ma ai koya kika yi."

Umma ta buɗe baki za ta amsa, sai suka ji an taɓa ƙofar. Ba ƙwanƙwasawa ba, lalube, irin na mai neman mariƙi.

Ƙofar ta buɗe. Baba ne tsaye, hannu ɗaya a jikin bango, babu sanda, babu takalmi. Tun da idon ya tafi bai taɓa zuwa kicin shi kaɗai ba. Rediyon can falo an kashe shi, ba su san tun yaushe ba.

Umma ta miƙe da sauri har kujerar ta faɗi. Ta fara cewa Auta ce ba ta jin daɗi, wai an ba su aiki mai wuya a makaranta.

"Tukunyarki na zuba," in ji Baba.

Auta ta rarrafa ta kashe wutar.

Baba ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin matarsa. Babu faɗa a fuskar, babu kuma sassauci, Auta ta kasa karanta ta.

"Na yi shekara talatin ina wanke hoto a ɗaki mai duhu," in ji shi. "Da hanci nake gane ruwan magani in ya lalace. Ido na rasa, hancina yana nan. Duk Asabar mayafinki da warin fentin mai yake dawowa. Ban san asibitin da ake gasa gwiwa da fenti ba."

Umma ta dafa kabad.

"Ka sani," ta ce.

"Ina jira ne ki faɗa."

"Tsoro nake ji."

Ya daɗe a tsaye, yatsunsa na shafa bangon kamar yana neman wani abu a jiki. Auta tana durƙushe a gaban murhu, ba ta san ko ta tashi ta riƙe shi ba ko ta bar shi.

"Kina da lambarsa?"

Umma ta kalli Auta, Auta ta kalli Umma.

"Ina da ita."

"Kira shi. Ki buɗe yadda zan ji."

"Don Allah ka bari in fara..."

"Kira shi."

Umma ta zaro wayarta daga aljihun riga, Auta ta tashi ta karɓa. Lambar tana ƙarƙashin sunan asibiti. Auta ce ta danna, ta buɗe sautin, ta ɗora wayar a tafin hannunta a tsakiyarsu su uku.

Wayar ta yi ta ƙara. Auta ta fara addu'ar ya ɗauka, ta koma addu'ar kada ya ɗauka, ta rasa wadda take so.

Aka ɗauka. Ƙarar zarto na tashi daga nesa, sai motsin mutum yana rufe taga. Sannan muryar ta fito, ta yi kauri fiye da yadda ta san ta, amma ita ce, har yanzu da ɗan jan nan na ƙarshen kalma.

"Umma? Lafiya kika kira yau ba Asabar ba? Ko jikin Baba ne?"

Baba ya saki bangon. Ya miƙo hannu yana lalube a iska har yatsunsa suka sami na Auta, ya bi su ya kai ga wayar, ya ɗauke ta ya kai kusa da bakinsa.

"Ba ita ba ce," in ji shi.